Kaset Mai Jan Zare

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina ɗauke da wannan magana ban rubuta ta ba. A gidanmu mutum uku ne suka san ta ciki da bai, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni mai laifin.

Inna muke ce mata, mu jikoki da 'ya'yanta da 'ya'yan maƙwabta, har limamin unguwa. Ita ta haifi mahaifiyata. Ba ta riƙe shekarar haihuwarta ba, amma takan ce tana 'yar tallar fura, ko zane ba ta fara ɗaurawa a ƙirji ba, labari ya iso ƙauyensu cewa an naɗa Abubakar Sarkin Musulmi. A 1938 ke nan. In ka ba ta shekara 7 a lokacin, ta yi 90 a duniya, don a 2021 ta cika.

Ƙauyen nasu a ƙasar Maradun yake, bakin gulbi. Na ce yake, amma yanzu sai dai kifi ya nuna maka inda yake. Da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978 ruwa ya haɗiye shi, da gonakin da kushewun iyayenta, aka kwashe mutane zuwa tudu. Rigimar diyya ce ta kai ga harbe manoma a watan Afrilun 1980, kuma har ta rasu in an ambaci wannan shekara sai ta gyara kallabi ta canza magana. Ita dai aure ya riga ya ɗauke ta tuntuni zuwa ƙasar Bakura, daga baya kakana ya dawo da iyalinsa Talata Mafara saboda kasuwa. Garuruwan nan uku su ne iyakar duniyarta, in ka cire Makka da ta je sau ɗaya.

Wanda ya san yankin ya san ƙasar makaɗa ce. Musa Ɗankwairo a ƙasar Bakura aka haife shi, mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin Sarkin Kayan Maradun ne, kuma a bayan wansa Kurna ya daɗe yana amshi kafin ya ja ragamar kansa. Sa'idu Faru ma daga nan kusa ya fito, ubangidansa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo kuwa a Mafara ya zauna, shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Mu a rediyo muka san mutanen nan. Inna da idonta ta gan su, tana yarinya a ƙofar fada ranar salla da ƙwaryar fura a kai, daga baya kuma ta saman danga bayan ta shiga kulle. Daga jin tashin kotso takan faɗi ko wane ne tun bai buɗe baki ba. Tana da hukuncinta a kan kowa. Narambaɗa na mai tunani ne, sai an natsu. Sa'idu Faru ɗan tsiwa ne mai kaifin baki. Ɗankwairo kuwa murya ce Allah ya ba shi, ba koyo ba. Shata ta yarda gwani ne, amma takan ce kalangu ya cika gaggawa, kamar mai bin bashi. Ranar da aka sanar da rasuwar Ɗankwairo a 1991 ina ɗan shekara 10, na ga ta ɗora tukunyar tuwo ta manta ba ta talga ba.

Ita kanta mai waƙa ce, irin wadda ba a sa sunanta a littafi. Tana da ta niƙa, tana da ta lugude, tana da ta daɓe, ta kaɗa shantu da 'yan matancinta, kuma in ana kiɗan ƙwarya a biki ba a kifa ƙwarya a ruwa sai ta iso. Amma inda waƙarta ta fi aiki shi ne wurin jinya. Ungozoma ce. Rabin unguwarmu ita ta yanke musu cibi. In mace ta haihu ita ke zuwa ta zauna kwana arba'in, ta hura wutar ruwan wanka tun asuba, ta dama kunun kanwa, ta gasa jariri. (Likitocin Zariya tun shekarun 1970 suke gargaɗi cewa zafin wankan da yawan kanwar na taɓa zuciyar mai jego, kuma da jikokinta ma'aikatan asibiti suka matsa mata, ta rage kanwar, tana mita.) In an yi mutuwar mace ita ake kira wanka. Shekarar sanƙarau, 1996, da mutane ke gudun gidajen da ciwon ya shiga, ita shiga take yi. Yaran da ta raina waɗanda ba ita ta haifa ba na ƙirga 11, ni ne na takwas.

Kakana ya yi shekara 6 a kwance da shanyewar ɓarin jiki, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu da ƙaramin ludayi, ita ke wanke shimfiɗa kafin gari ya waye don kada surukai su gani. In ya ƙi buɗe baki sai ta jawo rediyo kusa da matashinsa ta sa masa Ɗankwairo. Na sha ganin babban yatsan ƙafarsa mai lafiya yana bin kotso a ƙarƙashin mayafi. Daga nan sai ta kai ludayin, sai ya karɓa. Duk wannan na gani da idona, ina so mai karatu ya riƙe, don kada ya yi mini uzurin rashin sani.

Rediyon National ce mai cin kaset, tsarabar aikin hajjin kawuna. Kaset ɗin kuwa, kusan 30, a cikin wata kwalla mai murfi suke a ƙarƙashin gadonta. Tunda ba ta karatun boko, alama take yi musu. Wannan ɗigon jan farce, wancan an kankare masa kusurwa da wuƙa, wani an ɗaura masa zare. In zaren kaset ya tsinke, ni take kira in liƙa da jan farce in naɗe da biro. In batir ya yi sanyi, ni ke shanya shi a rana a kan rufin kwano. Ni ne injiniyanta, kuma ni ne maigidanta, irin wasan kaka da jika. Tun ina ɗan shekara 2 aka kawo mata ni daga Shagamu a gaban motar goro, bayan mahaifiyata ta rasu a can wurin haihuwa a 1983. Mahaifina farken goro ne, ya ci gaba da zamansa a Sabo, ya sake aure. Ban san wata uwa ba sai Inna.

Ranar 27 ga Oktoban 1999 aka ƙaddamar da shari'a a Gusau. Gwamna Ahmad Sani ɗan Bakura ne, saboda haka mutanen yankinmu suna jin abin nasu ne na gida. Na je a bayan a-kori-kura, muka yi kabbara har muryoyinmu suka dishe. Ban yi nadamar wannan murna ba har gobe. Kuma bari in faɗa a fili: abin da na yi daga baya ba wanda ya aike ni. Ba doka, ba malami, ba ƙungiya. Ina da shekara 18, na karanta 'yan littattafai uku, na haddace muryar masu wa'azi biyu, sai kaina ya kumbura. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne.

Da wa'azi na fara. In na shigo na tarar da kiɗa sai in tsaya a bakin ƙofa in ɗaure fuska in jero abin da na haddace. Takan saurara har in gama, sannan ta ce wa matar kawuna, "Maigida ya zama malam, a ƙara mashi man shanu, karatu na cin jiki." Kowa ya yi dariya. Dariyar nan ta fi mari zafi a wurina. Amma ba ita ce ta tunzura ni ba. Wata rana muna zaune a zaure da abokaina muna bitar wani littafi, sai kotso ya taso daga cikin gida, har da muryar Inna tana tayawa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago ya dube ni ya yi murmushi, bai ce komai ba. Na yi shekaru ina gaya wa kaina don Allah na yi abin da na yi. Don wannan murmushi na yi.

Cikin bazarar 2000 aka zo aka ɗauke ta zuwa Bakura, wata 'yar ƙanwarta ta haihu. Kwana arba'in za ta yi. A mako na biyu, da rana tsaka mutanen gida na barcin zafi, na shiga ɗakinta na jawo kwallar. Na kai bayan gida wurin juji, na aika aka kira mini abokan nan biyu, don aikin da ba shaida ba zai biya mini buƙata ba. Na zazzage, na yayyafa kananzir. Kafin in ƙyasta ashana idona ya faɗa kan wani guda ɗaya da aka zagaye da jan zare sau da yawa, an ƙulle shi tam. Na ɗauka. An rubuta sunan Ɗankwairo da biro a jikinsa. Na juya shi, sai na ga 'yan ramukan nan biyu na samansa an cusa musu takarda. Duk yaron zamanin kaset ya san ma'anar wannan: an toshe ne don a ɗauki wata magana a kan tsohuwar waƙa. Na sani sarai. Rediyo na ɗaki, batir na ciki, minti ɗaya ya isa in ji mene ne. Amma idon abokaina na kaina, kuma mai shirin ƙona kiɗa ba ya tsayawa sauraron kiɗa. Na wurga shi tsakiya na ƙyasta. Har yau in na wuce inda ake ƙona roba sai cikina ya juya. Zaren kaset ba ya ci da wuta kamar takarda, nannaɗewa yake yi yana tsuma kamar mai rai. Da wutar ta mutu na wanke kwallar, na jera mata kaset ɗin wa'azi guda 5 a ciki, na mayar ƙarƙashin gado. Rediyon na bar mata, wai don labarai.

Ta dawo da yamma da tsarabar ƙuli-ƙuli da naman suna soyayye da ta ɓoye mini a ƙasan kwano. Bayan isha'i na ji ƙarar murfin kwalla. Shiru ya yi tsawo. Sannan ta kira ni. Na shiga da hujjojina a shirye kamar mai zuwa muƙabala. Tana zaune bakin gado, fitilar ƙwai a gabanta, kwallar a cinya.

"Maigida, ina kayana?"

"Na ƙone su, Inna. Don in tsame ki daga wuta."

Ta daɗe tana duban cikin kwallar. "Har da mai jan zare?"

"Duka."

"To," in ji ta. Ta rufe kwallar, ta tura ta ƙarƙashin gado da ƙafa. "Ka ci tuwo?"

Iyakar abin da aka yi ke nan. Da safe maganar ta fita, matan unguwa suka shigo jin ba'asi, wasu na cewa a sa kawuna ya zane ni. Ina ɗaki na ji tana dariya tana ce musu, "Ku ƙyale shi. Kishi na. Wane maigida ka son matatai na kwana da muryar wani ƙato?" Aka kwashe da dariya, magana ta mutu. Ta rufa mini asiri da wasan jika, ni kuwa na ɗauka nasara na yi.

Shekara 8 ba ta tayar da zancen ba. A 2003 taifot ya kwantar da ni mako uku a asibiti, ita ta yi jinyata, tana da saba'in da 'yan kai, tana kwana a tabarma a gefen gado. Cikin zafin zazzaɓi nakan ji tafin hannunta a goshina tana rera wata 'yar waƙar reno can ƙasa-ƙasa, wadda na sani tun ban san kaina ba. Ban ce mata haramun ba ne. Na dai lura da abu ɗaya tun bayan ƙonar: ta daina kunna rediyo da dare. Da can, bayan kowa ya kwanta, takan rage murya sosai ta kara kunnenta a jikin rediyon, ta ja zane ta rufe kanta da ita gaba ɗaya. Tun ina yaro nake ganin wannan, na ɗauka tattalin batir ne.

A 2008 aka yi mini haihuwar fari, mace, na sa mata sunan mahaifiyata. Daren suna, bayan an watse, kawuna ya ce in raka shi bakin hanya. Muka tsaya gindin wani darbejiya. Ya ce tunda na zama uba, akwai kayan da ya gaji da ɗauka shi kaɗai.

'Yan yanzu ba za su gane ba, amma kafin wayar hannu, wanda ba ya rubutu kuma ba ya son mai rubuta wasiƙa ya ji sirrinsa, kaset yake ɗauka. Daga Makka, daga Sudan, daga Kurmi, a zauna gaban rediyo a danna maɓalli biyu tare, a gai da kowa da sunansa, a ba direba ko alhaji ya kai gida. Mai jan zaren nan irinsa ne. Mahaifiyata ce ta ɗauka a Shagamu a 1982, a kan wani tsohon kaset ɗin Ɗankwairo na mahaifina, ta ba direban motar goro ya kawo. Ba ta da hoto ko ɗaya. Muryar nan ita ce kaɗai abin da ya rage nata a duniya, in ka cire ni.

Na tambaye shi abin da kowa zai tambaya: me ya sa ba a taɓa gaya mini ba? Ya dube ni kamar baƙo. Mahaifiyata 'yar farin Inna ce. Macen zamaninsu ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, ko da zuciyarta na tsagewa. Ranar da aka kawo labarin rasuwar, in ji kawuna, Inna ce ta riƙa ba mutane haƙuri, ta shiga madafa ta ɗora tukunya. Yaya macen da ba ta iya furta sunan 'yarta tana raye za ta tara mutane ta ce ku zo ku ji muryarta? Sai dare, sai ƙarƙashin zane. Niyyarta ranar da na yi aure ta ba matata ta ajiye mini. Da na ƙone shi, kawuna ya ɗauko bulala, ta tare ƙofa. Ta ce in suka gaya mini ba ta yafe ba, kada a ɗora wa maraya kayan da ya fi ƙarfin wuyansa.

Ban san yadda na koma gida ba a daren nan.

Ba zan mai da wannan rubutu fagen fatawa ba. Hukuncin kiɗa malamai sun yi saɓani a kansa tun kafin a haifi kakan kakana, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa da sharuɗɗa, kuma kowane ɓangare na da manyan da ban kai in ɗauki takalminsu ba. Sai daga baya na karanta hadisin 'yan matan nan biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce a bar su. Sai daga baya na san cewa Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta karantar da matan ƙauyuka ta hannun wakilanta mata da ake kira jaji. Amma a ce ma ra'ayi mafi tsanani shi ne daidai. Wa ya naɗa ni alƙali? Kayan nawa ne? Wane littafi ne ya halatta wa yaro ya shiga ɗakin wadda ta yi masa tsarki, bayan idonta, ya lalata mata dukiya? Addinin da nake taƙama da shi ya hana a yi wa iyaye ko da tsaki, ni na yi wa tawa gobara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda na zaɓa. A garin nan akwai masu tauye mudu a kasuwar Talata, akwai masu karkatar da takin manoma, akwai masu sakin mace da goyo ba ko ƙwayar hatsi. Na san wasunsu da fuska, ina gaishe su har da rusunawa. Ban tunkari ko ɗaya ba. Na tunkari tsohuwar da na tabbata ba za ta rama ba, kuma ita ma sai da na jira ta yi tafiya. Inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima. Abin da na kira kishin addini a lokacin, tsoro ne da son a gani suka yi rawani.

Da asuba na je ɗakinta. Tana kan buzu da carbi, jaririyar na kwance a gefenta don mai jego ta samu barci. Na durƙusa na kasa magana. Ta dube ni sau ɗaya ta gane.

"Wanga yaro bai da ciki," in ji ta, tana nufin kawuna, mai furfura a lokacin. "Tashi, maigida ba ya durƙusa ma mata."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun daren, kafin ta kwanta, don ba ta iya barci da riƙo. Sannan ta ce, "Abin da ka ƙone naka na, ba nawa ba. Ni na riga na hardace. Zamna ka ji."

Ta ajiye carbi ta karanto mini shi daga farko, kamar mai tilawa. Ba ta kira suna ba ko sau ɗaya, sai dai "yarinyar ga". Yarinyar ga ta yi sallama, ta yi dariya don ba ta tabbata rediyon na ɗauka ba, an ji muryar namiji daga nesa yana cewa ta ci gaba. Ta gai da babanta, ta gai da ƙannenta ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar da ta bari. Ta ce ruwan Kurmi ba ya ɗaukewa, shanya ba ta bushewa. Ta ce a aiko mata da daddawa da kuka da man shanu, na can ba su da ƙamshi. Ta ce yaron ya yi haƙori biyu, cizo gare shi kamar ɗan kwikwiyo. A nan sai aka ji yaron ya tsala kuka. Ta ce bari ta lallashe shi, ba ta kashe rediyon ba. Inna ta yi shiru kaɗan, sannan ta rera abin da yarinyar ta rera. Waƙar da ta yi mini a asibiti ce. Waƙar da na tashi da ita a kunne. Inna ce ta yi wa 'yarta ita a ɓoye tana jaririya, 'yar ta tafi da ita Shagamu ta yi mini, kaset ya dawo da ita gida. Daga nan, in ji Inna, sai wata mota ta yi oda, sai ƙarar maɓalli, sai Ɗankwairo ya faɗo daga tsakiyar waƙarsa, inda shafewar ta tsaya.

Akwai waya a aljihuna mai ɗaukar murya. Kunya ta hana ni fito da ita. Sai bayan shekara 7, a 2015, na yi ƙarfin halin roƙonta ta sake, ta sake, amma muryar ta fara rawa kuma ta tsallake akuyar.

Na yi ƙoƙarin biyan abin da ke biyuwa. Na saya mata 'yar ƙaramar rediyo mai cin memori, na je wurin masu tura waƙa a bakin kasuwa na sa aka cika mata da Ɗankwairo da Narambaɗa da Sa'idu Faru da Jankiɗi, har da karatun Alƙur'ani da ta ce a sa mata a farko. Muka yi kwana biyu muna bin waƙoƙin Ɗankwairo ɗaya bayan ɗaya har muka dace da wadda ke ƙarƙashin muryar. Ban taɓa ganin sauraro irin wanda take yi wa wannan waƙa ba. Daga farko ba ta tayawa, ba ta kaɗa kai, idonta a rufe, leɓɓanta na motsi da wata magana dabam. Sai an kai wani wuri ta ɗaga yatsa ta ce, "Nan ta ƙare." Daga nan ta buɗe ido ta bi 'yan amshi. Na duba agogon rediyon sau da yawa. Kullum wuri ɗaya ne, minti 11 da 'yan daƙiƙu.

Ƙarshen rayuwarta ya zo a mugun lokaci. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, dangi daga ƙasar Maradun da Bakura suka cika gidan, har zaure aka raba da labule. Ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, amma daga kan gadonta take tsara wa zai kwana ina, wace mai ciki ce za a rage wa aiki, wane yaro ne tarinsa bai yi mata daɗin ji ba. Da aka sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, su 279, a ƙaramar hukumarmu, ta ƙi cin abincin kirki sai da aka ce an sako su. A watan Satumba na shekarar aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. A cikin wannan shiru ta rasu. Ina Kaduna wurin aiki. Labarin bai same ni ba sai bayan kwana biyu, a bakin wani direba, kamar yadda ya zo mata da na 'yarta shekara 38 da suka wuce. Ban samu jana'iza ba.

Da aka raba 'yan kayanta aka ba ni rediyon da kwallar. Kaset ɗin wa'azin nan 5 suna ciki, kowanne ta ɗiga masa jan farce ta yi masa alama, kuma daga yadda suka goge an sha sauraron su.

Muryar uwata ban san ta ba. Tsawonta na sani, minti 11 da 'yan daƙiƙu. Wanda ya karanta wannan ya taimaka da Ƙulhuwallahu ƙafa uku ga Inna da 'yar farinta, ni kuma ya roƙa mini gafara.